Waɗanda suka fi buƙatar motsa jiki a Damagaram su ne a zaune

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a Damagaram ya san masu motsa jiki a garin nan. Sojoji ne da jandarmomi a jere, suna gudu suna waƙa. Sai samari 'yan ƙwallo da ke tayar da ƙura a kowane fegin da ba a kai ga ginawa ba, sai 'yan kokowa idan gasar takobi ta matso, sai matasan unguwanni irin su Kara-Kara masu ɗaga ƙarfen da suka harhaɗa da kansu daga tsofaffin kayan mota da siminti. Kusan dukansu maza ne, kuma da wuya ka ga wanda ya haura shekara 35. To a leƙa layin masu jiran awon tansiyo a gidan likita, ko ɗakin da ake kwantar da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Can ne za a tarar da ɗan kasuwa mai shekara 50, da ma'aikacin ofis da ya kusa ajiye aiki, da uwargidan da ta aurar da 'ya'ya.

Mun bar motsa jiki a hannun waɗanda zuciyarsu za ta iya jira, mun hana shi ga waɗanda tasu ta fara gajiya. Ban yarda lalaci kaɗai ya jawo haka ba. Yadda muka ɗauki girma da yadda garin ke ginuwa duk suna da hannu, shi ya sa nake ganin maganar ta wuce tsakanin mutum da likitansa, ta zama ta jama'a.

A wurinmu girma zama ne. Yaro ake aika, babba yana kan tabarma. Da zarar mutum ya samu ɗan hali, abin da zai fara saya shi ne abin da zai raba ƙafarsa da ƙasa: babur, in Allah ya ƙara buɗi, mota. Tumbi ya fito a ce hutu ya karɓe shi. Ya ɗan faɗa kuwa a shiga raɗe-raɗi, ko karayar arziki ce ko wani ciwo yake ɓoyewa. Akwai wani dattijo ɗan kasuwa a unguwarmu da likita ya ce ya riƙa tafiyar rabin awa kullum, saboda tansiyonsa ya kafe a 16/10. Ya ɗauki maganar da gaske. Ya fito bayan la'asar da jallabiya da takalmin roba, bai kai ƙarshen layi ba wani yaron maƙwabta ya taka birki a gabansa: "Baba, lafiya? Motar ce ta lalace? Hau in kai ka." Ya ce, "A'a ɗana, likita ne ya sa ni." Yaron ya riƙe baki: "Subhanallahi, ashe jikin ya yi tsanani haka. Allah ya sawwaƙe, Baba." Kafin isha'i an fara sallama a ƙofar gidansa ana gaishe shi da jiki. Tun daga ranar bai sake fita a kan idon mutane ba. In zai yi, sai da duhun asuba, in ya makara ya fasa. Yaron nan ladabi ya yi, ba wanda zai ga laifinsa. Amma ladabin ya mayar da dattijo kan kujera, kuma kujerar ce likita ke ƙoƙarin raba shi da ita.

Da mutane sun san abin da tafiyar nan ke yi a cikin ƙirji, ina jin da ba za su riƙa tare masu yin ta ba.

Zuciya tsoka ce, ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba. A babban mutum da ke zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kusan sau 100,000 a kwana. Kowane bugu yana tura jini kimanin mililita 70, a minti ɗaya wajen lita 5, wato kusan duk jinin da ke jikin mutum. Idan ya tashi da gudu, tsokokin ƙafa suna neman iskar oksijin ninki-ba-ninki, sai abin da zuciyar lafiyayyen saurayi ke turawa ya kai lita 20 zuwa 25 a minti. Manyan 'yan tseren duniya suna wuce 35.

Fita ɗaya ba ta barin wani abu mai ɗorewa. Maimaitawa ce ke sa jiki ya sake shiri. Abin da ke fara canzawa, cikin 'yan kwanaki, shi ne ruwan jini: yawansa yana ƙaruwa, don haka jinin da ke komawa zuciya ya fi na da. Bayan makonni da watanni, ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda shi ke harba jini zuwa ga dukan jiki, yana koyon buɗewa sosai ya cika, ya kuma matse da kyau. Tunda kowane bugu yanzu yana ɗauke da jini mai yawa, zuciya ba ta da dalilin gaggawa. A lokaci guda jijiyar da ke taka wa zuciya birki daga ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙarfi, ta rinjayi mai zuga ta. Shi ya sa bugun mai atisaye ke sauka idan yana hutawa. A 'yan tseren nesa ana samun 50, har 40. A yi lissafi mai sauƙi: wanda bugunsa ya sauko daga 80 zuwa 68 a minti ya rage wa zuciyarsa aikin bugu sama da 17,000 a kwana.

Akwai wani abu a nan da ba kasafai ake faɗa wa marasa lafiya ba, alhali shi ya fi gamsar da ni. Zuciya ita ma tana buƙatar ci, kuma tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke kwance a jikinta suna kai mata jini. Lokacin da ta matse, tana danne waɗannan jijiyoyin da kanta. Mafi yawan jinin da ɓangaren hagu ke samu yana shiga ne a ɗan tsakanin nan da ta saki kafin bugu na gaba. Zuciya mai sauri tana cinye wannan ɗan lokacin. Mai bugu a natse tana samun sararin ƙoshi.

Wani zai ce ai an ce zuciyar ɗan wasa tana girma, kuma an ce wa mahaifinsa zuciyarsa ta kumbura har ta kwantar da shi, to ina bambanci? Bambancin babba ne. Tun 1899 wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Henschen ya lura cewa zuciyar masu tseren kan ƙanƙara ta fi ta sauran mutane girma, kuma ta fi aiki. Irin wannan girman, ɗaki ne ke faɗaɗa, bango ya ɗan ƙara kauri daidai da shi, tsokar tana nan da taushinta. Zuciyar mai hawan jini kuwa dare da rana take turo jini a kan matsi, ba hutu, shekara da shekaru. Bangonta yana kauri ya sandare, ɗakin ya kasa buɗewa ya cika, daga baya ƙarfin ma ya tafi. Sai ka ga mutum ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, ƙafafu sun kumbura, ɗan takawa zuwa bayi yana haki. Atisaye nauyi ne na rabin awa ko awa ɗaya da hutu ke biyo baya, kuma a cikin hutun ne tsoka ke ginuwa. Hawan jini nauyi ne da ba a saukewa.

Game da zama kuwa, akwai gwajin da ya kamata kowane mai shago da kowane ma'aikacin ofis ya ji. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, a kan gado na mako uku ba tashi. Da aka auna su, ƙarfin jikinsu na ɗaukar oksijin a aiki mai tsanani ya faɗi da sama da kashi 25 cikin 100. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, suna da shekara 50, aka sake awo. Abin da aka gani shi ne mako ukun nan na kwanciya ya fi shekara 30 na tsufa yi musu illa. Aka sa su atisaye na wata shida, suka koma kan matakin da suke kai suna 'yan shekara 20 kafin a kwantar da su. Mutum biyar ba yawa ba ne, na sani. Amma a 2018 masu bincike a garin dai suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutane masu shekara 45 zuwa 64 da suka saba da zama: bayan shekara biyu suna atisaye sau huɗu ko biyar a mako, sandarewar zuciyarsu ta ragu, ƙarfin ɗaukar oksijin ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Waɗannan su ne sa'o'in dattijon unguwarmu, waɗanda mu muke ce wa lokacinku na hutu ne.

Jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya su ma suna da nasu labarin, kuma a ganina a nan ne mafi yawan ribar take. Cikin kowace jijiya akwai shimfiɗa siririya ƙwarai wadda jini ke gudana a kanta. Da can an ɗauka lulluɓi ne kawai. A 1980 Robert Furchgott ya nuna cewa shimfiɗar nan tana fitar da wani abu da ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Daga baya aka gano iska ce da ake kira nitirik oksaid, kuma a kan wannan aka ba shi lambar Nobel a 1998 tare da Louis Ignarro da Ferid Murad. Abin da ke zuga shimfiɗar ta fitar da wannan iska shi ne gogar jini idan yana gudu da sauri. Duk lokacin da mutum ya yi tafiya mai ƙarfi, jininsa yana shafar cikin jijiyoyinsa, su kuma suna amsawa da buɗewa. A yi ta maimaitawa, sai jijiya ta saba: ta fi saurin saki, ƙwayoyin daskarar da jini ba sa manne mata da sauƙi, kitse ba ya samun wurin kafa gindi kamar da. Majeman Damagaram za su fi kowa gane wannan: fatar da ake murzawa ana shafawa ita ke zama kirgi mai laushi, wadda aka jefar a lungu kuwa bushewa take ta ƙandare har ta tsage.

Jijiyar da ta ƙandare ba ta iya karɓar bugun zuciya ta sassauta shi, sai matsin ya wuce kai tsaye zuwa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido. Daga nan ne shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda ke samo asali a wurin mutane da yawa. Ga mai hawan jini, atisayen da aka riƙe yana sauke lambar sama da kimanin milimita 5 zuwa 8, wato a lissafin likitocinmu wajen rabin lamba ko fiye, daga 15 zuwa 14 da rabi ko ƙasa kaɗan. Wani zai raina, amma akwai ƙwayar magani da abin da take yi ke nan. Kuma bayan kowace fita, tansiyo yakan zauna a ƙasa na awoyi, shi ya sa yin kaɗan kusan kullum ya fi tara shi duka ranar Lahadi. Tsokar da ke aiki tana kuma janye sukari daga jini, jiki ya ƙara jin maganar insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kitsen cikin jini ya ragu, sababbin ƙananan jijiyoyi su tsiro cikin tsoka. A Laifzig ta Jamus, a wani gwaji da aka buga a 2004, an raba maza 101 masu ƙuncin jijiyar zuciya wanda bai tsananta ba gida biyu: rabi aka buɗe musu jijiyar aka sa ɗan bututun raga, rabi aka ce su tuƙa keken atisaye minti 20 kullum. Bayan shekara, kashi 88 cikin 100 na masu keke ba su gamu da wata sabuwar matsala ba, na masu bututu kashi 70. Wannan bai shafi wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya ba, shi kam gaggawa ce zuwa asibiti. Amma ga mu da irin wannan aikin bututu yake nufin doguwar tafiya da kuɗin da sai an sayar da fili, labarin keken ya cancanci a ji shi.

Farkon wanda ya kafa hujjar cewa motsi yana kare zuciya da lissafi, Jeremy Morris, a motocin haya ya same ta. A 1953 ya fitar da binciken ma'aikatan bas-bas na Landan wajen 31,000. Direba yana zaune yini, kwandasta yana hawa da sauka matakalar mota mai bene yana karɓar kuɗi. Ciwon jijiyar zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kashewa. A dubi yawan samarinmu da suka koma kabu-kabu da adaidaita, daga safe har dare a kan sirdi cikin hayaƙi, ga shayi mai sukari a fada, ga taba. Shekara 20 masu zuwa za su zo mana da lissafinsu.

Na san amsar da ke jira na: "Malam, mu wahalar da muke sha ai ta isa motsa jiki." Maganar tana da gaskiya rabi. Manomin da ke takawa gona ya dawo, da matar ƙauye mai daka da ɗiban ruwa, sun fi mai zaman shago nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai ce musu su ƙara gudu a kai. Amma a tsaya a kalli ɗan ga-ruwa a garin nan da ƙishirwa ta daɗe tana wahalarwa. Kura da jarka goma, kowace lita 25, kilo 250 ke nan ban da nauyin kurar. In ya zo wurin yashi sai ya sunkuya, ya kafa ƙafa, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya tura taku uku ya tsaya. Haka zai yi tun hantsi har yamma cikin rana, gobe ma haka, ba ranar hutu, abincin kuma abin da ya samu. Irin wannan aiki yana ɗaga tansiyo da bugun zuciya na awoyi masu yawa ba tare da hutun da ke gina jiki ba. Wani babban bincike a Kofanhegan ta Danmak, mai mutane sama da 100,000, da aka buga a 2021, ya samu cewa motsa jiki na lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na neman abinci yana tafiya da ƙaruwarsa. Danmak ba Nijar ba ce. Sai dai darasin da na ɗauka shi ne kada mu yaudari kanmu cewa talaka mai aikin ƙarfi ya tsira. Shi abin da yake buƙata awon tansiyo ne, da inuwa, da ruwa, da ranar hutu. Mai zaman ofis kuma kada ya laɓe bayan wahalar ɗan ga-ruwa, don gajiyar da yake kwasowa daga taro da cunkoson kasuwa ba ta sa jini gudu a jijiya.

Sai tsoro. Masu shekaruna ba su manta Marc-Vivien Foé na Kamaru ba, wanda ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon ranar 26 ga Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28. Har yau in ka ce wa wani ya motsa, sai ya ce, "Ɗan ƙwallo ma ya faɗi, balle ni." Binciken gawarsa ya nuna yana da ciwon kaurin tsokar zuciya, irin wanda galibi gado ne. Haɗarin gaskiya ne, amma a san inda ya fi yawa. Wani bincike na Amurka da aka buga a 1993, a kan mutane sama da 1,200 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, ya nuna cewa cikin awa ɗaya bayan aiki mai tsanani, haɗarin toshewar yana ninkuwa sama da sau 100 ga wanda bai saba motsi ba, amma ga mai atisaye sau biyar ko fiye a mako, ninkin bai kai uku ba. Wato wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne magidancin da ya shekara goma bai yi gudu ba, rana ɗaya abokai su zuga shi ya shiga ƙwallon tsofaffi da rana tsaka, ko ya tura motar da ta maƙale a yashi don kada a ce ya tsufa. Duk wanda ke jin nauyi ko matsi a ƙirji in ya yi tafiya, ko ciwon da ke sauka hannun hagu ko haɓa, ko jiri, ko suma, ko hakin da ya wuce aikin da ya yi, ko kuma a gidansu wani ya taɓa faɗuwa ya mutu yana matashi, likita zai fara gani kafin takalmi. Su kuma ƙannena masu ɗaga ƙarfe, ƙarfen ba laifi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Amma riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyin da ya fi ƙarfin mutum yana harba tansiyo sama da 30 na ɗan lokaci, kuma haɗa shi da tiramol ko alluran kumbura dantse rusa zuciya ne da sunan gina ƙirji.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wajen mata. Namiji ko da kunya yana da hanyar masallaci da ta kasuwa. Matar aure a cikin gari fa? Injin niƙa ya ɗauke mata daka, alhamdulillahi, ba mai son a mayar da ita ga turmi. Amma ba a ba ta komai a madadinsa ba. Tsakar gida taku goma ce, fita sai biki ko suna ko dubiya, ita ma a adaidaita. Haihuwa bayan haihuwa jiki yana ƙaruwa, ana yaba wa mijin cewa ya iya kiwo. Wadda ba ta yi ƙiba ba har ƙwayoyin ƙiba ake kawo mata daga masu tallan magani, wasunsu kuwa irin waɗanda ke tara ruwa a jiki ne, su ɗaga tansiyo da sukari. Ga dunƙulen magi da gishiri a kowace tukunya, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini giram 5 ne na gishiri, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Sai ta kai shekara 45 da ciwon gwiwa da ciwon kai, a ce ai jiki da jini.

Wanda zai kawo addini a nan ya fara tuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake ya wuce ta. Sutura da kamun kai ba su hana tafiya da sauri. Makarantun boko na unguwanni masu katanga suna nan fayau bayan an tashi da ranakun hutu. Me zai hana a buɗe su awa ɗaya ga matan unguwa su kaɗai, mace ce ke riƙe da ƙofa? Islamiyyun matan aure sun riga sun tara su sau da yawa a mako, mazajen kuma sun amince da wannan fitar. Minti 20 na zagaye fili kafin darasi ba zai rage karatu ba. Abu ɗaya da dole a kiyaye shi ne mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka bayyana yawan raunin zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da abubuwa da dama, har da kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta ranar, ba zancen atisaye.

Za a ce mini garin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ƙarancin ruwa, ina shi ina maganar filin tafiya. Na ji. Amma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Idan ɓarin jikin maigida ya shanye, shago ya rufe, yarinya ta bar lakwal don jinya, kuɗin abincin yara ya tafi farmasi. Tamowar da ake tsoro ta wannan ƙofar ma tana shigowa. Kuma abin da ake nema ba shi da tsada. Kowace 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a ƙasar nan. A jera dogon yaro a bakin manyan hanyoyi, a naɗa mai ba su ruwa, domin a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu ba wanda zai taka inda ba inuwa. Idan ana yanka sababbin fegi a bar fili a kowace unguwa, a kuma bar shi da gaske. A hana tireda da tulin yashin gini cinye gefen kwalta. Ma'aikacin lafiya da ya auna tansiyo ya rubuta tafiyar a kan takardar magani, da mintocinta da ranakunta, don mutanenmu suna girmama abin da aka rubuta fiye da abin da aka faɗa a tsaye. Manyan gari kuma, masu unguwanni da limamai da attajirai, in aka ga biyu ko uku cikinsu suna takawa zuwa Juma'a daga Zango ko Sabon Gari a ƙasa da gangan, yaron maƙwabta zai daina taka birki.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko rabin haka in mai tsanani ne. Rabin awa sau biyar ya cika mafi ƙaranci, kuma ana iya gutsura shi. Matsakaici shi ne saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ana gaisawa da kowane mai shago ba ta shiga lissafi. Lokacin zafi a fita bayan asuba ko gab da magariba, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya zauna. Da azumi a bari sai bayan asham. In aka daina na 'yan makonni ribar tana fara zubewa, don haka abin da za a iya riƙewa ake zaɓa.

Wanda ya haura 40 kuma ya daɗe a zaune ya fara da awon tansiyo da na sukari. Ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa da safe kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya ƙirga bugun minti ɗaya, ya rubuta. Ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar duk mako har ya kai rabin awa. In yana shan maganin hawan jini ya ci gaba da sha, ko da ya ji jikinsa ya yi sakayau. Bayan wata uku ya sake ƙirga bugun, ya sake awo, ya kai wa likita tsofaffin lambobin da sababbin, shi zai ce ko a taɓa maganin.